Wanda ya biya kuɗin karatu shi ke zaɓa wa lokotoro mazauni

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a garin Cadakori, cikin gundumar Gidan Runji ta jihar Maraɗi, a gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, har da baƙin da suka zo daga Agye da Gazawa da Tsibiri, a kan tsadar karatun aikin haƙori. Ga shi kamar yadda aka gabatar da shi.

 

Abin da ya tara jama'a yau magana ce ta kuɗi, ko da yake da haƙori za a soma ta. Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san tsawon dare. Mutumin Cadakori in ciwon ya kama shi, yakan fara da kanumfari, ya kurkure baki da ruwan gishiri, sannan ya sayi ƙwayoyi wurin mai tallar magani ranar kasuwa. In kumatu ya kumbura har ido ya soma rufewa, sai ya nemi kuɗin mota zuwa Maraɗi, wani ma ya ƙetare iyaka ta Ɗan Isa ya nufi Katsina. Wanda ba shi da halin haka kuwa sai ya miƙa bakinsa ga mai awartaki, a fizge haƙorin da ƙarfen da aka gama fizge na wani da shi, ba tare da an dafa shi ba. Ta wannan hanya ciwon hanta da ire-irensa ke tsallakawa daga wani zuwa wani.

Tambayar da ta kamata a yi ita ce: me ya sa lokotoron haƙori ya yi wuyar gani haka a jihar da ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 3 da dubu 400? Amsar tana cikin lissafin abin da ake kashewa kafin a sami lokotoro guda, da kuma sanin aljihun da kuɗin ke fitowa.

Yawan masu ciwo, ƙarancin masu magani

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahotonta a kan lafiyar baki, inda ta nuna cewa mutane kusan miliyan dubu 3 da 500 ne ke fama da ciwon haƙori ko na dasashi ko wani ciwo na baki, wato kusan rabin mutanen duniya. Kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici. A Faransa, kowane lokotoron haƙori guda yana duba mutanen da ba su kai dubu 2 ba. A Nijar kuwa ba a sami ko guda ba ga kowane mutum dubu 100, kuma ƴan kaɗan ɗin da ke akwai mafi yawansu suna Yamai.

Ciwon kuma ƙaruwa yake yi, domin cimar jama'a ta canza. Kakanni sun tashi da fura da tuwo da asuwaki a baki. Jikoki sun tashi da alewa da biskit da lemun kwalba, ga shayi mai sukari da ake sha sau uku a zama ɗaya. Sukari shi ne abincin ƙwayoyin da ke zaune a jikin haƙori, su ne ke mai da shi tsami, tsamin kuma ya ci haƙori har ya yi kogo. Abin da mutane ke kira tsutsar haƙori ke nan. Ɗan kasuwar da ke shigo da sukari buhu-buhu bai yi laifi ba, sana'arsa ce, amma yana da kyau ya san cewa yana da hannu a cikin maganar, kuma ana sa ran ganin hannunsa wajen gyara.

Shekara goma sha tara

A ɗauki yaro ɗan wani ƙauye na karkarar Cadakori wanda aka sa lakwal yana da shekara 7. Zai yi shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji kafin ya sami birbe, 3 a lise kafin ya sami bak. Shekara 13 ke nan. Bak ɗin ma sai ta fannin kimiyya, wato C ko D, kuma da sakamako mai kyau, domin guraben karatun lafiya ƴan kaɗan ne. Daga nan sai shekara 6 a jami'a, kamar yadda tsarin mafi yawan makarantun haƙori yake a yau. Jimla shekara 19, in bai maimaita aji ko sau ɗaya ba, in kuma yajin aiki bai cinye masa shekara ba. Yaron da ya shiga yana ɗan 7 zai fito yana ɗan 26, alhali tsaransa sun yi aure tuni suna ciyar da iyayensu.

Ana cewa lakwal ta gwamnati kyauta ce, amma uban yaro ya san kyautar tana da iyaka. Da zarar yaro ya bar ƙauye zuwa kwaleji, sai an nema masa mai masauki, a riƙa kai tiyar gero da kuɗin cefane. In ya kai lise ya koma Gidan Runji ko Tsibiri ko Maraɗi, ɗawainiyar ta ƙaru: littattafai, tufafi, kuɗin jarrabawa, kuɗin mota lokacin hutu. Ga kuma wata asara da ba a rubuta ta a takarda: hannun da zai riƙe hauya da damina, ko ya zauna a kanti, ya tafi. A gidan da gonarsa ba ta ciyar da shi shekara, wannan hannu shi ne tsakanin ƙoshi da yunwa.

Saboda haka tankaɗe da rairaya sun fara tun kafin a kai ƙofar jami'a. Yara da yawa masu kaifin ƙwaƙwalwa suna faɗuwa a hanya don iyayensu sun gaza, ba tare da sun taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Ƴan mata su suka fi shan wannan, domin uba yakan yi nauyin zuciya wajen ajiye ɗiyarsa a gidan wani a birni, ga kuma masu neman aure a ƙofa. Alhali kuwa mata da yawa na karkara za su fi sakewa su buɗe bakinsu gaban ƴar'uwarsu mace.

Abin da ya sa karatun haƙori ya fi sauran tsada

Ɗalibin shari'a ko na tarihi yana bukatar malami da littafi da benci. Ɗari biyar za su iya zama ɗaki guda su saurari malami guda. Ɗalibin haƙori sana'ar hannu yake koya, kamar maƙeri ko maɗinki, kuma ba a koyon ɗinki da kallo. Kafin a bar shi ya taɓa bakin mutum, sai ya yi shekaru yana gwaji a kan wani kai na roba mai haƙoran gwaji, kowane ɗalibi da nasa. Sai ya koyi ɗaukar siffar baki, ya zuba ta da farar ƙasa, ya sassaƙa haƙori da kaki. Abin da ya ɓata a gwaji ya ɓace ke nan, sai a sayo wani.

In ya kai ajin duba marasa lafiya, sai kujera. Kujerar nan inji ce sukutum: tana da fitila, da bututun ruwa, da na tsotse miyau, da abin huda haƙori wanda iska ke juya shi sau dubu 300 ko fiye a minti guda. Bayanta akwai injin matse iska, da tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, da na'urar ɗaukar hoton haƙori. Malami guda ba ya iya sa ido a kan ɗalibai fiye da ƴan kaɗan a lokaci ɗaya, domin kuskure a bakin mutum ba a goge shi kamar na allo. A makarantu da yawa kuma ɗalibi shi ke sayen akwatin ƙananan ƙarafan aikinsa daga aljihunsa. Duk waɗannan kaya, daga kujera har allurar kashe zafi, daga waje ake shigo da su, da kuɗin waje, su biya jirgi su biya duwan.

Wannan tsada ita ta sa makarantun haƙori suka makara a Afirka. Turawan Faransa sun buɗe makarantar likitanci a Dakar tun 1918, amma cibiyar koyar da aikin haƙori ta Dakar sai a 1967 aka kafa ta. Ta Legas ta soma a 1966, ta Monastir a Tunisiya a 1975, na Rabat da Kasabalanka a Maroko a 1981. A arewacin Najeriya, Maiduguri da Kano sun sami nasu daga baya. A Yamai an buɗe makarantar koyon aikin lafiya ta jami'a a 1974, amma shekaru da dama ɗan Nijar mai son aikin haƙori sai ya ɗauki jakarsa ya nufi Dakar ko Abijan, ko Maroko da Aljeriya, ko Tarayyar Sobiyet kafin ta wargaje.

Lissafin ɗan kasuwa

Tun da zauren cike yake da mutanen da suka san riba da faɗuwa, bari a yi lissafi irin na kanti. A ƙaddara, a bisa misali kawai, ɗalibi yana cin jika 100 kowane wata a babban birni: hayar ɗaki, abinci, mota, littattafai, kayan gwaji, da kuɗin zuwa gida sau ɗaya a shekara. Duk wanda ya taɓa ajiye ɗa a Dakar ko Abijan zai ce an yi rangwame. A shekara miliyan 1 da dubu 200 ke nan. A shekara 6, miliyan 7 da dubu 200 na sefa.

To, a auna wannan da abin da mutane ke samu. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda ya daɗe a kan jika 30 da ƴan kai tun 2012, an ɗaga shi zuwa jika 42 a farkon 2024. Mai wannan albashi, ko da bai ci ba bai sha ba, sai ya yi aiki fiye da shekara 14 kafin ya tara kuɗin. Manomi kuma, in an ƙaddara buhun gero jika 25, sai ya sayar da buhu 288, wato 48 kowace shekara. Eka guda a ƙasar nan takan ba da buhu 4 zuwa 5 in damina ta yi daidai. Ke nan sai ya sayar da duk abin da eka 10 ta ba shi, bai bar ko dami ɗaya a rumbu ba, shekara 6 a jere. Magidanta nawa ne a Cadakori ko Agye ko Gazawa, inda gado ya yanyanka gonaki, suke da eka 10?

Gaskiya ne a 2005 ƙungiyar UEMOA ta yanke cewa jami'o'in gwamnati na ƙasashenta su karɓi kuɗin rajista iri ɗaya daga ɗan ƙasa da ɗan maƙwabciya. Abu ne mai kyau. Sai dai rajista ita ce ƙaramar ɗawainiya. Ciki da ɗaki da kayan aiki su ne ke cinye dukiya. Wanda kuma ya rasa gurbi a jami'ar gwamnati ya faɗa makaranta mai zaman kanta, nan kuɗin makaranta kaɗai ya isa ya karya jarin matsakaicin ɗan kasuwa.

Yadda gwamnati ta ɗauki kayan, da yadda ta sauke

Dattawan ma'aikata da ke cikin zauren nan sun ga wani zamani dabam. Bayan samun mulkin kai, musamman a ƙarshen shekarun 1970 lokacin da uraniyom ke da daraja, gwamnati ita ke zaɓen ɗalibi, ta ba shi burs, ta biya masa jirgi, ta sa shi ya sa hannu a takardar alkawarin yi wa ƙasa aiki shekara 10. Ran da ya dawo, aiki na jiransa, kuma inda aka tura shi nan zai tafi, ko Bilma ce. Ɗan talaka da ɗan sarki benci ɗaya suke zama. Tsarin yana da nasa aibu, amma ciniki ne bayyananne: ƙasa ta biya, ƙasa ta mori abin da ta biya.

Da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya taru, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Aka rage burs, aka daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu aiki kai tsaye. Wannan na cikin abin da ya fito da ɗalibai kan titi ranar 9 ga Fabrairu 1990, inda aka harbe uku daga cikinsu a gadar Kennedy ta Yamai. Jinin nan ya taimaka wajen buɗe ƙofar babban taron ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, da zamanin jam'iyyu barkatai da ya biyo baya. Sai dai ƴancin faɗar albarkacin baki bai cika baitulmali ba. A shekarun 1990 ma'aikata sun yi watanni ba albashi, ɗalibai sun yi watanni ba burs, an kuma yi shekarun da aka soke karatu ɗungum.

Ana cikin haka, ranar 12 ga Janairu 1994, aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi: faran guda na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Uban da ke aika wa ɗansa kuɗi Faransa ko Maroko ya kwanta da nauyi ɗaya ya tashi da biyu. Ɗalibin Dakar da na Abijan, ko da yake da sefa suke ciniki, sun ga kuɗin littafi da na ƙarafan aiki ya ninka, tun da daga Turai suke zuwa. Tun daga wancan lokaci kaso mai yawa na nauyin ya sauka a wuyan iyaye. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cika shi.

Ranar dawowa

A ƙaddara yaron ya gama, ya dawo da takardar dokta a hannu. Lokotoro na sauran jiki zai iya soma aiki da abin sauraron ƙirji da alƙalami. Na haƙori in ba kujera, hannunsa a ɗaure yake, abin da zai iya bai wuce cire haƙori ba. Kujera da kayanta miliyoyi ne. Tana son ruwan famfo, tana son wutar da ba ta yankewa. Mutanen jihar nan sun san wutarsu ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa take zuwa, sun kuma ga abin da ya faru da aka yanke ta daga Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024.

To, saurayin da ubansa ya jinginar da gona, ko ya sayar da shanu, ko ya ci bashin abokan ciniki domin karatunsa, ina zai kafa kujerarsa? Zai kafa ta inda masu biya suke, wato Yamai, ko ya zarce ƙasashen waje. Tun 2008 ma dokar UEMOA ta ba lokotoron haƙori damar zama ya yi aiki a kowace ƙasa ta ƙungiyar. Kada a yi saurin zaginsa da rashin kishin ƙasa. Bashi ne a kansa, kuma ga iyayensa da ƙannensa suna jiran sakayya. Mai ciwon Cadakori bai sa ko dala ba a cikin karatun, gwamnati ma wataƙila ba ta sa ba, da wane baki za a ce ya dawo?

Ko a Amurka haka abin yake. Ɗalibin haƙori a can yakan fito da bashin da ya kai kimanin dalar Amurka dubu 300, wato fiye da miliyan 150 na sefa, shi ya sa su ma ƙauyukansu ke kukan rashin masu duba haƙori, birane kuma suka cika da su. Ka'idar ɗaya ce ko'ina: wanda ya biya kuɗin karatu shi ke zaɓa wa lokotoro mazauni. In iyali suka biya, aljihun iyali zai bi. In jama'a suka biya, suna da bakin cewa ya zauna cikinsu.

Kuɗin da talaka ke biya da jikinsa

Wani zai ce ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ba ta kai ga maganar haƙori ba. Amsar tana nan kusa, a Tsibiri. Tun tsakiyar shekarun 1980 mutanen garin suka riƙa shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai ɗauke da sinadarin fulor fiye da kima. Haddin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi ne miligiram 1 da rabi a lita, na Tsibiri kuwa ya ninka haka. Ɗaruruwan yara suka tashi da ƙafafu a lanƙwashe da ƙasusuwa a gurɓace, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan lamarin a 2002. Alamar farko ta yawan fulor a haƙori take bayyana: ɗigo-ɗigon fari, sannan ja ko baƙi-baƙi. Ɗalibin haƙori tun yana makaranta yake koyon gane ta. Da akwai mai wannan sani yana zagaya lakwal-lakwal na gundumar yana duba bakin yara, da wuya a ɗauki shekaru masu yawa haka ba a tuhumi ruwan ba.

Sai kuma cutar zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma, ko da yake ba ta da dangantaka da aikin gona. Takan kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ko ƙyanda ta raunana. Tana somawa da kumburin dasashi da warin baki, cikin ƴan kwanaki ta ci kumatu da leɓe har ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara dubu 140 ke kamuwa da ita kowace shekara, kuma in ba magani har 9 cikin 10 na iya mutuwa. Alhali in an gane ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai araha da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. Ƙungiyar Sentinelles tana kula da irin waɗannan yara a Damagaram tun 1992, an gina musu asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma a Disambar 2023 aka sa cutar cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa sakaci. Kuɗin da aka ƙi kashewa wajen koyar da mai duba baki, ana biyan sa daga baya da fuskar yaro.

Abin da za a iya yi daga nan

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shawara ta farko tana wuyan waɗanda ke zaune a nan. Alhazan Maraɗi sun gina masallatai, sun haƙa rijiyoyi, sun kai mutane Makka. Ma'aikata kuma sun saba da adashi. In mutum 600 daga gundumomin Gidan Runji da Agye da Gazawa suka yarda kowa ya zuba jika guda a wata, an sami jika 600, wato abin riƙe ɗalibai 6 bisa lissafin da aka yi ɗazu, biyu daga kowace gunduma. Sharaɗi shi ne a zaɓi yaro da sakamakon jarrabawarsa, a liƙa sunaye da maki a bainar jama'a, kada ɗan wane ko ƙanin wance ya shiga ta taga, kuma a ware wa ƴan mata rabonsu. A karanta lissafin asusun a gaban masu zubi kowace shekara, domin abin da ya kashe asusu da yawa a ƙasar nan shi ne duhu.

Ta biyu, a rubuta alkawari gaban shaidu da hukuma: wanda asusu ya riƙe shekara 6 zai yi aiki shekara 6 a gundumarsa, in kuwa ya fasa ya mayar da kuɗin domin a riƙe wani. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ta uku tana wuyan gwamnati da hukumomin komin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yaro yana aji huɗu na jami'a ya kamata a tanadi ɗaki da kujera a asibitin gunduma, da faifan hasken rana mai riƙe ta, da gurbin aiki mai albashi. In ya dawo ya tarar da ɗaki wayam, ya gudu, laifin na mutum biyu ne. Haka kuma ya kamata hukumar ANAB ta riƙa biyan burs a kan kari, domin ɗalibin da ke ƙasar wani ba shi da gonar da zai koma, a kuma sauƙaƙa duwan a kan kayan koyarwa da na aikin haƙori.

Ta huɗu, kafin shekara 6 su cika, ba a zauna jira ba. Majo da ungozoma na likitar ƙauye za a iya koya musu cikin ɗan lokaci yadda ake duba bakin yaro duk ran da aka kawo shi awo ko rigakafi, su gane zaizayar baki tun tana dasashi. Akwai kuma wata dabarar cike kogon haƙori da ƙananan ƙarafan hannu, ba wuta ba inji, wadda aka fara gwadawa a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, ta kuma yaɗu a ƙasashe da yawa. Duk wata sabuwar rijiyar burtsatse kuma a auna ruwanta kafin a buɗe wa jama'a famfo, kada abin da ya sami Tsibiri ya maimaitu.

A yanzu haka akwai wani yaro ko wata yarinya a ajin ƙarshe na lise, ɗan wannan karkara, wanda ke da makin shiga wannan karatu, ubansa kuma yana lissafin buhunan da suka rage a rumbu. In ba a yi komai ba, bana zai ajiye littafi ya shiga kasuwa ko ya tafi bida, mai awartaki kuma ya ci gaba da cin kasuwarsa. Takardar rubuta sunayen masu son zubi tana bakin ƙofa, wurin dattawan da aka wakilta.

Allah ya ba da ikon cika alkawari, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalam.